Inuwar Zane Magana Ce, Ba Ado Ba

Da wuya a buɗe mujallar kimiyya a rasa zane mai gidaje uku ko huɗu a jere, kowane gida da layinsa, a bayan layin kuma ga wata inuwa mai ruwan toka ko shuɗi. Yawancin waɗannan zane-zane da umarnin kwamfuta ake yin su, kuma ɗaya daga cikin manhajojin da suka yi fice a wannan aiki ita ce Matplotlib, wadda John Hunter ya fara fitarwa a shekarar 2003 domin masu aiki da harshen kwamfuta na Python. Abin takaici shi ne ɗalibai da dama sun ɗauki inuwar nan kwalliya ce, alhali kuwa magana take yi, kuma idan ta sauka inda bai dace ba, ƙarya za ta faɗa.

Alal misali, a ce ɗalibi ya zana yawan ruwan saman da aka samu a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, kowane gari da gidansa, yana son ya sa inuwa a kan shekarun fari na 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984. Idan ya ba da umarnin plt.axvspan sau ɗaya, inuwar za ta fito a gidan ƙarshe kaɗai, domin manhajar tana aiki ne da gidan da ke hannunta a lokacin. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, amma mai karatu zai ɗauka Damagaram kaɗai farin ya shafa. Maganin shi ne a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, a ba kowanne umarninsa.

Bugu da ƙari, manhajar kan zaɓa wa kowane gida ma'auninsa na tsaye, har ƙanƙanuwar inuwa ta yi kama da babba. In dai kwatantawa ake nufi, wajibi ne a haɗa gidajen a kan ma'auni guda ta hanyar sharey. Haka nan umarnin fill_between, mai cike tsakanin layi biyu, yakan fitar da inuwa a harɗe idan ba a jera shekaru bi da bi ba, yakan kuma bar giɓi inda babu alƙaluma. A nan ne masu gaggawa kan cike giɓin da sifili don zane ya yi kyau. Wannan babban kuskure ne, domin shekarar da ba a auna ruwa ba daban take da shekarar da ba a yi ruwa ba.

Sai dai matsalar da ta fi kowacce girma ita ce ta ma'ana. Inuwar da ke kewaye da layi tana iya nuna yadda alƙaluma suka warwatsu, ko kuwa ta nuna shakkun da ke tattare da matsakaicinsu. Idan an yi awo sau 25, inuwa ta biyu kashi ɗaya cikin biyar ce kawai na faɗin ta farko. Wanda ya zaɓi siririyar bai bayyana ba, ya sa aikinsa ya yi kama da tabbatacce fiye da yadda yake.

Wasu na ganin wannan ya yi wa ɗan sakandare nauyi. Amma ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba sai da kwamfuta ake koyon wannan ɗabi'a ba. Takardar zane da fensir sun isa. Ya kamata malamai su riƙa tambayar ɗalibi abin da inuwarsa take nufi, su sa shi ya gwada iyakokinta da alƙaluman da ke littafinsa, sa'an nan ya rubuta ma'anarta a ƙarƙashin zanen. Zanen da ya rasa wannan bayani bai cancanci cikakken maki ba, komai kyansa.