Kafin a kai ɗalibai fadar Otranto, a fara biyawa da su ta kufai

Duk malamin da ya koyar da adabin Turanci a makarantun sakandaren Funtuwa ko Malumfashi cikin 'yan shekarun nan ya ci karo da irin labarin da Turawa ke kira Gotik, wato ƙagaggen labarin da ake ginawa a kan tsoro da duhu da tsofaffin gine-gine.

Hukumar WAEC ta sa The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a 1764, a manhajarta ta 2016 zuwa 2020. Daga 2021 zuwa 2025 kuma aka kawo Wuthering Heights na Emily Brontë, na shekarar 1847.

Abin takaici shi ne yadda ake koyar da su. Yaro zai haddace cewa akwai tsohuwar fada, akwai fatalwa, akwai budurwa cikin haɗari, ya juye a takardar jarrabawa, ya fita bai san amfanin ko ɗaya ba.

A ganina, daga gida ya kamata a fara. Yaron da ya tashi a Bakori ko Ƙafur bai taɓa ganin fadar Turai ba, amma ya san kufai. Ya san tsamiyar da ake hana yara zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Ya san yadda kaka ke sassauta murya idan Dodo ya kusa fitowa a tatsuniya, ta yi shiru, ta bar zukata suna bugawa.

Wannan jan rai shi ne dabarar da ake so ya gano a littafi. Malam ya ce kowa ya kawo labari ɗaya daga gida, a zauna a tambaya: a ina abin ya faru? Da wane lokaci? Wa ke ba da labarin? Me ya ɓoye sai ƙarshe? Sannan a buɗe littafin Bature da tambayoyin nan huɗu.

Nan ne ɗalibi zai gane cewa fatalwa ba ita ce zuciyar labarin ba. A littafin Walpole, ƙatuwar hular ƙarfe ta faɗo ta kashe Conrad ranar aurensa, saboda kakan mahaifinsa ya ci sarautar Otranto ta hanyar kisa. Uban, Manfred, garin kare kujerar, sai da ya kashe 'yarsa bisa kuskure. A littafin Brontë, maraya Heathcliff ne aka wulaƙanta, ya girma ya raba magada da gidajensu.

Ashe zancen cin gado ne da zalunci. Bahaushe ya riga ya taƙaita shi: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A yankin da rikicin gonar gado ke raba 'yan uwa, wa zai ce wannan baƙon zance ne?

Wasu iyaye za su ce ana cusa wa yara camfi. Wasu kuma su ce tsoron gaske ya ishe su, musamman tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Damuwarsu abin dubawa ce, kuma dole malam ya yi hattara da yaron da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu. Kada a tilasta masa ba da labari.

Sai dai nazarin tsoro daban, cusa tsoro daban. Yaron da ya koyi yadda ake ƙera fargaba zai gane dabarar idan saƙon murya ya shigo WhatsApp da tsakar dare, babu sunan gari, babu sunan mai magana, sai "an ce suna tafe". Zai tsaya ya tambaya: wa ya gani, a ina, yaushe? Jita-jita kan watsa kasuwa, ta sa manomi ya bar masararsa a gona.

Wannan gyara ba ya buƙatar sabon gini ko kasafin kuɗi. Darasi ɗaya ko biyu a farkon zango sun isa, idan malamin Hausa da na Turanci suka haɗa kai. Littattafan manhaja za su ci gaba da canzawa, amma yaron da ya iya tambayar mai ba da labari ya samu abin da zai yi masa amfani har bayan jarrabawa.