A Je da Mai Girki Ranar Sallama



Idan ciwon zuciya ya kwantar da mutuminmu na Kurfi ko Dutsin-Ma, ko a Babban Asibitin Dutsin-Ma ko an wuce da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, wa muke turawa ranar sallama? Wa, ko ƙane, ko babban ɗa, wato wanda ya biya kuɗi. Shi nas za ta yi wa bayani, ya ce to, ya sa ledar magani a aljihu. Wadda za ta dafa abinci, ta ba da magani, ta kwana tana sauraron numfashi, tana gida ba ta ji komai ba. A ganina wajibi ne a je da ita, a roƙi nas ta zauna da ita ko na minti 10 ne, cikin Hausa.

Dalili kuwa, rabin jinyar wannan ciwo a tukunya take. Zuciyar da ta yi rauni ba ta iya tura jini sosai, sai ruwa ya taru a ƙafafu da huhu, gishiri kuma riƙe ruwa yake yi a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan. To ina ga miyarmu, ga gishiri, ga dunƙule uku, ga kanwa? Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciya ga masu jego a Zariya, suka zargi kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Likitocin baya sun yi saɓani kan ko shi ne musabbabi, amma dai wadda likita ya ce zuciyarta ta raunana, kada a ɗura mata kunun kanwa da sunan gata. Kakanni ku yi haƙuri.

Sai magani. Akwai ƙwayar da ke fitar da ruwa, Lasix, tana sa yawan fitsari, shi ya sa ake ba da ita da safe. Da kumburi ya sace, sai wasu su ce an warke, a ajiye magani, bayan 'yan makonni a koma asibiti a ranga-ranga. Ba a dainawa sai likita ya ce. Haka kada a sayo masa maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kemis, suna ƙara tara ruwa. A tambayi nas alamomin da ba a kwana da su: kumburi ya dawo, haki yana zaune, ko ya kasa kwanciya sai an jingina shi da filo.

Ku ɗalibai ga naku aikin. Wanda ya iya boko ya karanta katin, ya rubuta wa Inna da ajami: wannan bayan asuba, wannan bayan isha'i, ranar kaza komawa asibiti. A liƙa a bango.

Azumi kuma a tambayi likita tun Sha'aban. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, wanda ciwonsa ba a sa ran warkewa kuma malamai sun ce ya ciyar. Dattawanmu suna jin kunyar a gan su suna ci da rana, ya kamata limamin unguwa ya faɗa masu da bakinsa.

Masu dubiya, lada tana nan ko gaisuwa ce daga bakin ƙofa. Wadda ta fi buƙatar ku ita ce mai jinyar. Maƙwabciya ta karɓe ta girkin yini ɗaya, ta samu ta yi barci.