Makantar da ba ta sallama a Zangon Agoè

A watan Mayun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Togo ta ci galabar amodari, cutar da ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido har gani ya tafi. An yi ƙoƙari, babu ja. Sai dai cutar da ya kamata ta hana mutanen Zangon Agoè da ke gefen Lome barci ba irin wadda gangami ke korewa ba ce. Ita ce gilakoma, hawan jinin ido.

A cikin ido akwai wani ruwa da ke gudana kullum, yana fita ta ƙananan magudanai. Idan suka cushe, matsi ya taru, sai ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya mutu a jijiyar nan ya tafi ke nan. A mafi yawan masu ita babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Ganin gefe ne ke fara zaizayewa. Dattijo yana karanta Alƙur'aninsa, yana ƙirga sefa daidai, amma in zai tsallaka babban titin da ya nufi arewa, sai ya ji ƙahon zemijan, babur ɗin haya, kafin ya gan shi. 'Ya'ya su ce tsufa ne.

Binciken da aka yi a Tema ta Ghana, aka wallafa a 2013, ya sami cutar a kusan mutum 7 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40, kuma galibinsu ba su san suna da ita ba. Tema nan ce kusa, gaɓar teku ɗaya da Lome. Cutar tana kama baƙar fata da wuri, tana kuma bin dangi.

Abin takaicin shi ne muna ƙara mata ƙarfi da kuɗinmu. Ƙurar hunturu ta sa ido ya yi ja, ko cutar jan ido ta afolo ta zagayo (wadda ta fara ɓulla a Ghana a 1969), sai a kira mai tallan magani a sayi na ɗigawa. Da yawansu na ɗauke da sinadarin dexamethasone. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake yabonsa, a ajiye kwalbar a kan taga, uwa ta ɗiga, ta ɗiga wa yara. A wasu mutane makonni kaɗan sun isa ya ɗaga matsin ido, yara kuwa sun fi saurin kamuwa.

Ga kuma ruɗani da yanar ido. Yana tana da magani: a cire, a sa gilashin roba, gani ya dawo. Don haka wanda ganinsa ya fara dushewa sai a ce masa ya yi haƙuri, "yanar ba ta nuna ba tukuna". In gilakoma ce, wannan jiran shi ne makantar.

Awon matsin ido da duba jijiyar ba ya cin lokaci, ana kuma yin sa a sashen ido na asibitin Sylvanus Olympio. Wahalar tana bayan awon. Maganin ɗigawa na gilakoma na tsawon rai ne, ba ya dawo da abin da ya tafi, sauran kawai yake tsarewa. Ɗan kasuwar da ya saye shi wata uku bai ga canji ba yakan daina, ya ce ba ya aiki, alhali rashin canjin nan shi ne aikin maganin.