KIRSIMETI DA ZANCEN "BIKIN ARNA": MU AUNA KAFIN MU TURA

Disamba ta kama, saƙon nan na duk shekara ya fara yawo a WhatsApp da Facebook: wai Kirsimeti bikin bautar rana ne da Rumawa suka sauya wa suna, don haka Kirista da arne duk kanwar ja ce. Mutum sai ya tura shi wuri goma bai ma karanta ƙarshensa ba. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma haɗari. Ku ba ni aron hankalinku mu tsefe ta.

Mu fara da gaskiyar. Babu inda Baibul ya faɗi ranar da aka haifi Annabi Isa (AS), malaman Kirista ma ba sa musun haka. Rubutu mafi daɗewa da ya haɗa haihuwarsa da 25 ga Disamba wata kalandar birnin Rum ce ta shekarar 354, sama da shekara ɗari uku bayan zamaninsa. A birnin kuwa dama akwai shagalin Saturnaliya da ake farawa 17 ga Disamba, a shafe kusan mako ana ciye-ciye da ba wa juna kyauta. A shekarar 274 Sarki Aureliyan ya gina wa gunkin rana ɗakin bauta, kuma wannan kalandar dai ta nuna ana yi wa gunkin biki a ranar 25 ɗin. To ka ga mai cewa akwai alaƙa ba a iska ya tsinto zancen ba.

Sai dai masu tura saƙon ba sa faɗin ragowar. Bikin gunkin da bikin haihuwar a kundi ɗaya suka fara bayyana, shi ya sa har gobe masana tarihi ke jayayya a kan wa ya riga wa. Akwai kuma wani bayanin: Kiristocin dauri sun ɗauka ranar 25 ga Maris aka ɗauki cikin Isa. Ƙirga wata tara ka ga inda za ka faɗa. Cocin Armeniya ma har yau 6 ga Janairu take nata bikin. Bishiyar nan da ake wa ado kuwa, a ƙasar Jamus ta bayyana wajen ƙarni na 16, lokacin da bautar gumaka ta yi ɗaruruwan shekaru da mutuwa a can.

Inda aro ya tabbata ba wanda ya ɓoye shi. A shekarar 601 Fafaroma Giregori ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila wasiƙa cewa kada su rushe ɗakunan tsafin mutane. A fasa gumakan kawai, a tsarkake ginin a mai da shi coci, shanun da ake yanka wa gumaka kuma a riƙa yanka su ana walima ana gode wa Allah. Hujjarsa ita ce ba a raba mutum da abin da ya gada a dare ɗaya. A Rum ma haka aka yi, ɗakin gumakan nan da ake kira Fantiyon ya koma coci a 609, yana nan tsaye har yau.

Amma fa ba kullum da lallashi aka rabu ba. Kafin Kiristoci su samu mulki, sarakunan Rum sun sha kashe su saboda sun ƙi yi wa gumaka yanka, mafi muni shi ne wanda aka fara a 303 zamanin Diyokiletiyan. Da reshe ya juye da mujiya su ma ba su saurara ba. Wajen 723 wani mai wa'azi, Bonifas, ya sa gatari ya sare bishiyar da Jamusawa ke tsafi a gindinta. A 782 Sarki Shalaman ya sa aka kashe 'yan ƙabilar Sakson da aka rubuta sun kai 4,500 a yaƙin da ya yi na tanƙwara su. Lituwaniya ba ta bar addinin kakanninta ba sai 1387. Duk wanda ya san jinin da ya zuba tsakanin ɓangarorin nan biyu ba zai buɗe baki ya ce abu ɗaya ne ba.

Kuma kada wani ya ɗauka shi ya fara gano zancen. Kiristoci sun riga mu yin wannan rigimar a junansu. Majalisar Ingila ta haramta bikin Kirsimeti a 1647, a Masacusets ta Amurka har tarar sule biyar aka sa wa mai yin sa a 1659. Shaidun Jehobah har yanzu ba sa yi.

To ina haɗarin? Shi ne mudun da muka ɗauko, in aka auna mu da shi mu ma ba za mu ji daɗi ba. Musulunci bai tarar da ƙasar Hausa fayau ba. Ya tarar da Tsumburbura da labarin Barbushe a Dala. Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Muhammadu Rumfa aka sare bishiyar tsafin gari aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta, kusan irin abin da Bonifas ya yi. Shi dai wannan tarihin ya ba da labarin Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe da fata ana yi masa yankan shanu, har zuwa zamanin Sarki Alwali. Irin wannan gamin gambizar na cikin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi gyarawa. Shin don an taɓa yin Dirki a Kano sai wani ya ce Musuluncin Kanawa tsafi ne? Wallahi ba za mu yarda ba, kuma da gaskiyarmu.

Mu ma'aikata kullum muna rubuta Janairu da Maris a kan fayil da takardar albashi. Janairu daga sunan gunkin Rumawa mai fuska biyu ya samo asali, Maris kuma daga gunkinsu na yaƙi. Akwai wanda ya taɓa jin ya yi shirka don ya sa hannu a takarda ranar 3 ga Maris? Inda al'ada ta fito daban, wanda ake fuskanta da bauta daban. Wasu Kiristocin ma da ke yaɗa cewa wai Musulmi wata suke bauta wa saboda alamar da ke kan hasumiya, wannan dabarar suke yi, kuma mun san yadda take mana ciwo.

Wanda ya fi kowa sanin bambancin shi ne Bamaguje. A ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya, Maguzawa da yawa sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci. Dukkansu sai da suka bar yi wa iskoki yanka, wani ma har da ɓatawa da dangi a kan haka. Ka zo kuma ka kira shi arne? Alƙur'ani da kansa ya ware Kiristoci da sunan Ahlul Kitabi, a Suratul Ma'ida ya halatta abincinsu da auren matansu masu kamun kai, abin da bai yi wa masu bautar gumaka ba. Mu da muka ga rikice-rikicen Kaduna da Jos mun san aikin da kalmar "arne" ke yi ranar da gari ya rikice. Ita ke sa a ga jinin maƙwabci ba a bakin komai ba.

Ban ce kowa ya je ya yi Kirsimeti ba, ban kuma ce aƙidarmu ɗaya ba. Saɓanin da ke tsakani a kan matsayin Annabi Isa babba ne, ba sai an yi masa ƙari da ƙarya ba. Mai son tattauna shi ya yi da ilimi da ladabi.

In kuwa maguzanci muke son yaƙa da gaske, ba sai mun je Rum ba. A Ingila da Wales, ƙidayar 2021 ta samu mutum kusan 74,000 da suka rubuta da hannunsu cewa addinin gargajiya suke bi, su dai ba su ɓoye ba. Namu a ɓoye yake. Mai sahun gaba ranar Juma'a da mai kujerar gaba ranar Lahadi, in zaɓe ya matso ko ana rabon muƙami a ofis, a zauren boka ɗaya suke haɗuwa da daddare. Ana binne layu a ƙofar shago, ana tone kaburbura, ana sace yara don tsafin kuɗi. Wannan bai sa mun tura saƙo wuri goma ba, sai kajin da maƙwabci zai soya wa 'ya'yansa ranar 25 ga wata.

Don Allah kafin ka tura, ka tambayi kanka: na tabbatar? In da addinina aka yi wa haka, zan kira shi adalci?

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.