Agwagi Sun Riga Yara Mutuwa



A farkon shekarar 2010 agwagi suka yi ta mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara. Babu wanda ya kai rahoto, don wa zai je asibiti saboda agwagwa? Ba a jima ba yara suka fara amai da jijjiga. Ashe duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma, ƙurarta ta gauraye ƙasar da agwagi ke kiwo, yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum.

Gubar dalma ce ta kashe su, amma ni ina tuhumar yadda ake koyar da mu. Ma'aikacin asibiti an koya masa mutum. Malamin dabbobi an koya masa dabba. Duba-gari an bar shi da kwata da shara. Da ɗayansu ya san cewa mutuwar dabba labari ne da ya wajaba ya kai wa sauran biyun, da wataƙila an tona asirin gubar da wuri.

Ko maganin ma bai yiwu da hannu ɗaya ba. A Bagega, likitocin MSF ba su fara ba yara magani ba sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 2013, domin yaron da aka yi wa magani ya koma tsakar gida mai guba, aikin baban giwa ne. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

A 2019 ma'aikatun lafiya da noma da muhalli na Najeriya sun fitar da tsarin bai-ɗaya kan lafiyar mutum da dabba da muhalli. Madalla. Amma takarda a Abuja ba ta shiga aji da ƙafarta. Ni shekara biyu na yi ina difiloma, ɗaliban lafiyar dabbobi na can ɗaya gefen makaranta, ba a taɓa zaunar da mu a darasi ɗaya ba. Waɗanda ba su haɗu a aji ba, ta yaya za su nemi juna ranar annoba?

Wani zai ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Gaskiya ne, ban ce likita ya koma yi wa shanu allura ba. Cewa na yi a koya masa wa zai kira, wa ke da ikon rufe mahauta ko rijiya, kuma rahoto ta wace hanya yake bi daga mai unguwa zuwa jiha.

Mu ma da namu laifin. Likita a littattafanmu saurayi ne mai mota, aikinsa auren jaruma. Mun taɓa rubuta uwar da ta ga kajinta na zubewa ta tsorata saboda 'ya'yanta? Matar da ba za ta taɓa ganin takardar ma'aikata ba tana sauraron littafinka a waya tana girki. Ajin da ya fi kusa da ita kenan, kai ne kuma malamin.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya gwada gajeren labari wanda dabba ce ta fara ba da gargaɗi a cikinsa. A naka labarin, wa ya saurare ta?