Burjin Tuskani da Masu Keke

A yankin Tuskani na ƙasar Italiya, tuddai na bin juna cikin gonakin inabi da zaitun, fararen hanyoyin burji kuma sun ratsa tsofaffin ƙauyuka. Kwalta ta so ta cinye su. A 1997 Giancarlo Brocci ya tara mahaya keke 92 a garin Gaiole, suka bi burjin nan, aka raɗa wa hawan suna L'Eroica. Yau dubbai ke hallara duk watan Oktoba a kan tsofaffin kekuna, masu masauki na ciniki, burji ya zama abin tattali.

Madalla. Sai dai baƙo kwana biyu yake yi ya tafi. Manomin Gaiole ke shaƙar ƙura duk rani, ya ci taɓo da damina, kuma shi ya kamata a fara tambaya kafin a hana shi kwalta.