Marubuci ma mai masana'anta ne: farashi, talla da siffar littafin waya

Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa a shekarun baya ya san abin da aka rasa. Masaƙu sun rufe, wasu majemun sun rage aiki, waɗanda suka rage kuwa suna ta fama da tsadar lantarki da dizil da kayan da ake shigowa da su da dala. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat, bayan an cire tallafin mai an kuma saki darajar naira a 2023. Iskar da ta kaɗa waɗannan masana'antu ita ce ta kaɗa wata ƙaramar masana'anta da ba a cika ambata ba, wato ta littattafan Hausa. Kamfanonin takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, don haka takardar ɗab'i daga waje take zuwa. Da dala ta tashi, sai littafin ƙagaggen labari ya fi ƙarfin mai buga shi da mai sayensa. Marubuta suka koma waya.

Buga littafi da kuɗin kai ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun a shekarun 1980, da kamfanin NNPC na Zariya ya kasa ɗaukar sababbin marubuta, matasa maza da mata suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kansu. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka shiga gidajen mutane, har manazarta suka laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano. Sai dai a wancan zamani dillalin littattafai ne ke riƙe da wuyan marubuci: shi ke karɓar kaya bashi, shi ke biya lokacin da ya ga dama. Yau waya ta cire dillali daga tsakani, ta kuma ɗora wa marubuci ayyukansa duka. Shi ne mai rubutu, shi ne mai tacewa, shi ne mai talla, shi ne mai karɓar kuɗi. A ganina, tun da ya zama mai masana'anta, ya kamata ya yi lissafi irin na masu masana'anta.

Mu fara da farashi. Abin da aka saba gani shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, idan labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa ci gaban na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki ko ta katin waya. Mu ɗauka misali ta sa naira 500, mutum 200 suka biya. Ta sami naira 100,000. Idan wata huɗu ta yi tana rubutun, kowane wata ya tashi a naira 25,000, kafin a cire kuɗin data da cajin waya, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun daga 2024. Babu mai kamfanin leda ko alewa a Sharaɗa da zai ci gaba da kunna inji a kan irin wannan ciniki.

Amma ɗaga farashi kaɗai ba ya warware matsalar, domin dole a dubi aljihun mai saye. Makarancin littafin Hausa shi ne ɗalibi, da matar aure, da leburan kamfani da ke komawa gida bayan aikin dare, wanda kuɗin datarsa ma ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Kamfanin Amazon yana ba marubucin da ya buga da kansa kashi 70 cikin 100 idan farashin littafinsa yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, amma mafi ƙanƙantar wannan farashi ya haura naira dubu uku, kuma masu karanta Hausa ba a can suke ba. Shawarata ita ce a koyi dabarar masu kamfanonin sabulu da madara, waɗanda suka gane cewa talaka ba ya sayen gwangwani, ƙulli yake saya. A raba littafi kashi-kashi a farashin da ba zai yi nauyi ba, sannan a tanadi cikakken littafi a dunƙule ga mai hali, musamman Hausawan da ke Saudiyya da Sudan da Ghana da Turai. Sharaɗi guda ne: kada a karɓi kuɗin kowa sai an kammala rubutun. Labarin da aka sayar sannan aka yi watsi da shi a tsakiya cin amana ne, kuma yana ɓata kasuwar kowa.

Sai batun siffar da littafin zai fito. Rubutun da aka zuba kai tsaye a WhatsApp ya fi sauƙin karantawa a ƙaramar waya, amma ya fi sauƙin sata, domin cikin daƙiƙa ake kwafe shi a goge sunan mai shi. PDF yana riƙe tsarin shafi da bango, sai dai yana wahalar da ido a ƙaramin allo. EPUB yana daidaita rubutu da girman waya, amma yana buƙatar manhajar da ba kowa ke da ita ba. Akwai kuma murya. Gidajen rediyon Kano sun daɗe suna karanta littattafai, yanzu kuma YouTube ya cika da irin wannan karatu, wanda ke isa ga direba da tela da wanda bai yi boko ba. Marubuci mai hangen nesa zai ɗauki kowace siffa a matsayin haja dabam, mai farashinta da yarjejeniyarta a rubuce. Kowace ya zaɓa kuma, ya kiyaye haruffa masu ƙugiya. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ba shi da uzurin kasa bambance ƙasa da kasa, ko ɓari da bari, tun da allon rubutun Hausa yana samuwa kyauta a kowace wayar zamani.

A wajen talla ne na fi jin tsoro. Da yake kasuwa ta cika, wasu sun gano cewa batsa tana jawo ido da sauri, sai suka mai da ita tambarin hajarsu. Riba ce ta kwana ɗaya. Kano ta ga yadda aka ƙona littattafai a 2007, ta kuma ga yadda Hukumar Tace Fina-finai ta sa hannu a harkar marubuta, kuma laifin 'yan kaɗan ne ke jawo wa kowa takunkumi. Tallar da ke ɗorewa ita ce suna mai kyau: babin farko da aka tace da kyau, sakin labari a ranar da aka yi alkawari, da shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take fito da marubuta mata. Haka kuma kada marubuci ya jingina rayuwarsa kan dandali ɗaya. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ya tara marubutan Najeriya masu yawa, ciki har da Hausawa, sannan ya rufe a ƙarshen 2023. Wanda bai adana kwafin aikinsa da hanyar saduwa da masu karatunsa ba, ranar da aka rufe dandali ya koma farko.

Challawa tana da darasi a nan. Ɗaruruwan shekaru fatar ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko, domin ta can ta isa gare su. Har yau muna jeme fata mu fitar, wasu su ɗinka takalmi su sa sunansu. Labaran Hausa suna kan wannan hanya: ana kwashe su a zuba a shafukan da ke cin kuɗin talla, ana karanta su a bidiyo ba tare da izini ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi ayyukan intanet, amma doka ba ta taimakon wanda ba shi da shaida. Don haka a nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, a yi wa aiki rajista a Hukumar Haƙƙin Mallaka, a kuma buga ko da kwafi hamsin ne a takarda a kai ɗakunan karatu na jami'o'i. Littafin Alhaki Kuykuyo Ne ya samu fassarar Turanci a Indiya a 2012, shekaru fiye da ashirin bayan fitowarsa, saboda yana nan a takarda ana iya nemo shi. Labarin da ke cikin zauren WhatsApp kaɗai yana iya ɓacewa tare da wayar da aka sace.

Ina kira ga reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa da su zauna su fitar da mafi ƙarancin farashi da samfurin yarjejeniya, kamar yadda masu masana'antu ke da ƙungiyarsu ta MAN mai magana da yawunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuma masu karatu, duk lokacin da aka turo mana littafin kuɗi kyauta, mu tuna cewa gumin wani ne, mu nemi mai shi mu biya.